Oswald Boelcke, Bajamushen da Ya Kafa wa Yaƙin Sama Ƙa'ida

Mutanen Batsari da Safana ba sa bukatar a kwatanta musu ƙarar jirgin yaƙi. Tun da dajin Rugu ya zama maɓoyar 'yan bindiga, manomi a Ruma ko Wagini, da makiyayi a Runka ko Zakka, sun saba ɗaga kai su bi shi da ido har ya ɓace. Wani ya yi hamdala, wata ta tattara 'ya'yanta ta shige ɗaki. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, rundunar da ke aiko da jiragen nan a hannun Jamusawa aka yanke mata cibiya.

Dokar kafa rundunar sojan sama ta Najeriya ta fito a Afrilun 1964, amma tun 1963 hafsoshin Jamus ta Yamma suka iso don horar da 'yan ƙasa, kuma Kaduna ce cibiyar aikin. Shugaban rundunar na farko, Kanar Gerhard Kahtz, Bajamushe ne. Na biyu ma haka, Kanar Wolfgang Thimmig, wanda ya kakkaɓo jirage fiye da 20 a Yaƙin Duniya na Biyu, galibinsu da dare. Bai daɗe a kujerar ba aka yi juyin mulkin Janairun 1966, George Kurubo ya gaje shi. Hatta jirgin Alpha Jet da ake mora tun shekarun 1980, aikin haɗin gwiwa ne tsakanin kamfanin Dassault na Faransa da Dornier na Jamus. Sana'ar da waɗannan Jamusawa suka zo da ita tana da salsala, kuma duk wanda ya bi ta baya-baya zai iske ta a hannun wani saurayi da shekara 25 kawai ya yi a duniya. Sunansa Oswald Boelcke.

An haife shi ranar 19 ga Mayu, 1891, a Giebichenstein, daf da birnin Halle. Mahaifinsa malamin makaranta ne wanda ya taɓa koyarwa a Ajantina kafin ya komo gida. Oswald na ƙarami iyalin suka ƙaura zuwa Dessau, can ya tashi. Yana shekara 3 tarin shiƙa ya kama shi, ya tafi ya bar masa asma, ciwon da bai rabu da shi ba har ya bar duniya. Yaron bai yarda ciwo ya zaunar da shi ba. Ya duƙufa ga iyo da wasannin motsa jiki da hawan duwatsu. Yana ɗan shekara 13 ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa Sarkin Jamus, Wilhelm na Biyu, takarda yana roƙon gurbi a makarantar horar da hafsoshi. Aka amsa masa, amma iyayensa suka ce sai ya gama sakandare tukuna, ya bi maganarsu. A Maris na 1911 ya shiga bataliyar sojan tangaraho a Koblenz, ya yi makarantar soja a Metz, a 1912 aka maƙala masa aninin laftanar. Wannan aiki na waya da isar da saƙo, wanda ba a yin suna a cikinsa, ya yi masa rana daga baya.

Jirgin sama a lokacin ko rarrafe bai gama ba. Shekarar da sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato, wato 1903, a ƙarshenta ne 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright suka fara ɗaga jirgi mai inji daga ƙasa a Amurka. Shekara 8 kacal bayan haka aka fara jefo wuta daga sama, kuma a ƙasar da fataken Kano suka sani: ranar 1 ga Nuwamba, 1911, wani laftanar na Italiya, Giulio Gavotti, ya riƙa jefa gurneti da hannu a kan sansanonin Turkawa a bayan garin Tarabulus. Boelcke ya fara koyon tuƙi a Halberstadt a Yunin 1914, ya ci jarrabawar ƙarshe ranar 15 ga Agusta, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke da kimanin mako 2.

Yaƙin bai tsaya a Turai ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko na kan gado Turawan Ingila suka kwashi sojojin Najeriya, cikinsu da Hausawa masu yawa, suka nufi Kamaru wadda ke hannun Jamus. Garwa ta faɗi a Yunin 1915, dutsen Mora kuwa sai a Fabrairun 1916 kwamandansa, Ernst von Raben, ya miƙa wuya. Kakanninmu da ƙafa suka yi wannan yaƙi, da kaya a ka, don jirgin sama bai sauka a Kano ba sai Nuwamban 1925. Amma a watannin da suke fama da duwatsun Mora, can a arewacin Faransa ana ƙirƙiro wani irin yaƙi da jikokinsu za su rayu a ƙarƙashinsa.

Da farko ba wanda ya ɗauki jirgi a matsayin makami. Ido ne kawai. Mutum biyu ke hawa, ɗaya na tuƙi, ɗaya na leƙen ƙasa yana zana abin da ya gani. Da haka Boelcke ya fara, a rukuni ɗaya da wansa Wilhelm: ƙane na tuƙi, wa na leƙe. Sun yi ta tashi ba ji ba gani har abokan aikinsu suka fara ƙorafi, aka raba su. A bazarar 1915 aka mai da Oswald rukuni na 62, wanda ya yi sansani a Douai, inda ya haɗu da wani matuƙi, Max Immelmann. A lokacin sojojin ɓangarorin biyu sun riga sun nutse cikin ramuka tun daga bakin teku har iyakar Suwizalan. Doki ya daina amfani wajen leƙen asiri. Jirgi kaɗai ke iya gaya wa masu igwa inda za su saita, don haka duk wanda ya tsiyayar da idon abokin gabansa ya ci rabin yaƙin. Tun farkon yaƙin matuƙa suka fara harbin juna da ƙaramar bindiga da ta kafaɗa, har ranar 5 ga Oktoba, 1914, wasu Faransawa biyu suka harbo jirgin Jamus daga cikin nasu jirgin, karo na farko a tarihi.

Wahalar a bayyane take. Hanya mafi sauƙi ta harbi ita ce matuƙi ya saita hancin jirginsa a kan abokin gaba ya ja kunama. To amma a hancin nan farfela take, ta katako, tana juyawa fiye da sau 1,000 a minti guda. In harsashi ya karya ta, mutum ya harbo kansa da kansa. Wani Bafaranshe, Roland Garros, ya ɗaura wa rassan farfelarsa ƙarfe don harsashin da ya same su ya goce, ya kuwa kayar da jiragen Jamus a Afrilun 1915, kafin ranar 18 ga watan ya faɗo a hannunsu shi da jirginsa. Jamusawa suka nuna wa Anthony Fokker, ɗan ƙasar Holan mai ƙera musu jirage. Ma'aikatansa ba su kwaikwayi Garros ba, suka fito da dabarar da ta fi tasa. Suka sa wani ɗan ƙusumbi a jikin abin da ke juyawa tare da injin. Duk zagaye ƙusumbin zai tura wata sanda, sandar ta taɓa kunamar bindiga mai jigida da ke gaban matuƙi, ta yadda harsashi ba ya fita sai daidai lokacin da reshen farfela ya kauce daga bakin bindigar. Injin ne ke harbin, matuƙi izini kawai yake bayarwa. Daga ranar jirgin da kansa ya zama bindiga, kuma mutum ɗaya ya isa ya tuƙa ya kuma yi harbi.

Nasarar Boelcke ta farko ba da wannan jirgi ya same ta ba. Ranar 4 ga Yuli, 1915, yana tuƙa jirgi mai kujera biyu, ya yi ta bibiyar wani jirgin Faransa yana gyara wa abokin tafiyarsa, Laftanar von Wühlisch, wurin harbi, har suka kayar da shi. Mutum biyun da ke ciki duk sun mutu. Da sabon jirgin Fokker mai fiffike ɗaya kuwa, Kurt Wintgens ne ya fara buɗe fage ranar 1 ga Yuli, Immelmann ya biyo baya ranar 1 ga Agusta, Boelcke ranar 19 ga watan. Daga nan shi da Immelmann suka shiga tsere, yau wannan na gaba, gobe wancan, jaridun Jamus suna ƙirga musu. Ɓarnar ta kai a Janairun 1916 Ingilishi suka ba da umarnin kada jirgin leƙen asiri ya ƙara ƙetare fagen daga sai da rakiyar aƙalla jirage 3. Ranar 12 ga wannan wata, kowannensu na da jirage 8, aka ba su Pour le Mérite, lambar jarumta mafi girma ta Furusiya. Su ne matuƙan farko da suka same ta.

Akwai abubuwa biyu daga wannan lokaci da ake yawan ambata in ana maganar halinsa, kuma duka sun tabbata. Ranar 28 ga Agusta, 1915, ya ga wani yaro Bafaranshe ya faɗa magudanar ruwa yana nutsewa, ya yi tsalle da kayansa na soja ya tsamo shi. Aka ba shi lambar ceton rai. Na biyu, ranar 5 ga Janairu, 1916, ya harbo wani jirgin Ingila, ya sauka kusa da shi, ya gaisa da mutanen ciki, ya tabbatar an kai mai rauni asibiti. Bayan kwana biyu ya je duba shi da abin karatu, ya karɓi wasiƙar da mutumin ya rubuta wa danginsa, ya tashi ya jefa ta a bayan layin Ingilishi don iyaye su san ɗansu na raye. Wasiƙar ta isa.

Wannan mutunci ne, ban ga dalilin rage masa daraja ba. Amma kada ya rufe mana ido. Yaron da ya tsamo ɗan garin da sojojin Jamus suka mamaye ne, Boelcke kuma ɗaya ne daga cikin masu mamayar. Jiragen da ake ƙirga masa a jarida, kowanne da mutum ɗaya ko biyu a ciki, samari sa'o'insa, cikin akwatin katako da yadi da tankin fetur, ba laimar sauka. Da yawansu da ransu wuta ta cinye su kafin su iso ƙasa. Kirkinsa gaskiya ne, kisan ma gaskiya ne, kuma mutum ɗaya ne ya yi su duka.

Yaƙin Verdun, wanda Jamus ta buɗe ranar 21 ga Fabrairu, 1916, shi ya sauya masa tunani. Faransawa suka kawo ƙaramin jirgin Nieuport mai saurin juyi, suka kuma tara gwanayensu wuri ɗaya suna fita a ƙungiya. Manyan hafsoshin Jamus suka ce a riƙa sintiri sama da ƙasa a kan layi don a toshe sararin sama, dabarar da ta ƙone mai ta gajiyar da matuƙa ba tare da ta toshe komai ba. Boelcke ya nemi a ba shi fili a Sivry, kusa da bakin daga, da 'yan jirage kaɗan. Nan tsohon sojan tangaraho ya fito: ya haɗa filinsa da masu gadi a bakin daga ta wayar tarho, su hango jirgin abokan gaba su buga masa, shi kuma ya tashi ya tare. Ya kuma fara fita da abokin rakiya, ɗaya na hari ɗaya na tsaron baya. A Mayu, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara 25, aka yi masa kyaftin.

Ƙasar Ruma ta san barade, har yau sunan Ɗan Waire bai bar bakin mutane ba. Amma labarin baka sunan barde ɗaya yake riƙewa, ya manta da sahun da ya tsare masa baya. Haka jaridun Jamus suka yi da Boelcke da Immelmann, suka mai da su mafarauta masu fita su kaɗai. Shi Boelcke, wanda ya fi kowa cin moriyar wannan suna, shi ya fara cewa zamanin fita kai kaɗai ya wuce.

Ranar 18 ga Yuni, 1916, Immelmann ya mutu. Ingilishi suka ce su suka harbo shi, Jamusawa da yawa kuwa suka ce na'urar bindigarsa ce ta saɓa ya harbe farfelarsa, jirgin ya wargaje a sama. Ƙasar ta girgiza. Sarki ya ji tsoron kada a rasa na biyun, ya ba da umarni a hana Boelcke tashi, yana da jirage 19 a lokacin. Bai so ba ko kaɗan. Amma wannan zama na dole ne ya ba shi damar aikin da ya fi duk harbe-harbensa tasiri. Ya zauna da shugaban sashen jiragen sama, Hermann von der Lieth-Thomsen, suka tattauna yadda za a tara jiragen farauta su zama rukunoni masu zaman kansu, ya kuma rubuta ƙa'idoji 8 na faɗan sama.

Ƙa'idojin gajeru ne, duk ba su cika shafi ba, kuma ba maganar jarumta ko ɗaya a ciki. Kafin ka kai hari ka tabbata rinjaye na wajenka, in da hali rana ta kasance a bayanka, kamar yadda shirwa ke sauko wa 'yan tsaki ta inda haske ya kashe musu ido. In ka fara hari ka ƙarasa shi. Ka zo ta baya, kada idonka ya bar abokin karawa. In shi ya sauko maka, kada ka juya masa ƙeya, ka fuskance shi. In kana cikin ƙasar abokan gaba kada ka manta da hanyar komawa gida. Ta ƙarshe ta rukuni ce: a kai hari mutum 4 ko 6 tare, in faɗa ya watse kowa ya kama nasa, kada mutum biyu su taru a kan jirgi ɗaya. Abin da ya yi a nan shi ne ya ɗauki abin da ake gani baiwa ce ta mutum ɗaya, ya mai da shi sana'a wadda za a iya koya wa yaro ɗan shekara 20 ya kuma dawo da rai. Har yau makarantun sojan sama suna komawa ga waɗannan ƙa'idoji.

Ta ukunsu ce na fi tsayawa a kanta: kada ka yi harbi sai ka matso kusa, sai kuma ka tabbata abin da kake nufi ya shiga saiti sosai. Boelcke bai kafa ta don tausayin kowa ba. Harsashin jirginsa ƙidayayye ne, bindigar na yawan cijewa, mai harbi daga nesa asara kawai yake yi. Kuma abokin karawarsa soja ne, cikin jirgi mai tambari a fiffike. Matuƙin da aka aika Rugu yau aikinsa ya fi wannan wuya nesa ba kusa ba. Daga sama babur babur ne, garke garke ne, taron biki da taron ɓarayi kamanninsu ɗaya. Mun ga abin da ke faruwa in an saki wuta kafin a tabbatar: Rann a Borno, ranar 17 ga Janairu, 2017, inda jirgi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, da Tudun Biri a Kaduna, ranar 3 ga Disamba, 2023, inda jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu Maulidi, aka rasa aƙalla mutum 85. Mutanen Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari, da suka binne 'yan'uwansu bayan harin 'yan bindiga na Fabrairun 2020, suna da haƙƙin neman jirgi ya riƙa zuwa da wuri. Suna kuma da haƙƙin wanda ke cikinsa ya gani da kyau kafin ya danna. Hukumomin soja su ya kamata su fi kowa riƙe wannan, tunda ƙa'idar daga cikin sana'arsu ta fito.

Don a nisanta shi da fagen daga, a Yuli aka tura shi rangadi gabas. Ya bi ta Biyana da Budafes har Santambul, ya gana da Enver Pasha, ministan yaƙin Daular Usmaniyya, ya ziyarci Izmir da mashigin Dardanel, ya biyo ta Bulgeriya. Yana can abubuwa suka lalace a yamma. Ingila da Faransa sun buɗe yaƙin Somme ranar 1 ga Yuli, ranar da Ingilishi kaɗai suka rasa mutum fiye da 19,000, amma a sama su ke da rinjaye. Jirgin Fokker ya tsufa, jiragen Ingila suna shawagi a kan ramukan Jamusawa yadda suka ga dama. Aka aika wa Boelcke ya dawo ya kafa rukuninsa, ya zaɓi mutanensa da kansa.

A hanyar dawowa ya tsaya a Kovel, a fagen yaƙin Rasha, wurin wansa Wilhelm. Nan ya ɗauki mutum biyu. Ɗaya Erwin Böhme, ɗan shekara 37, wanda ya yi aikin injiniya a Gabashin Afirka, ƙasar da ake kira Tanzaniya yau, mutum natsattse da ya zama amininsa. Ɗayan wani tsohon sojan doki ne da bai yi wani suna a tuƙi ba, Manfred von Richthofen. Sun taɓa haɗuwa a jirgin ƙasa a Oktoban 1915, Richthofen ya tambaye shi sirrin nasararsa, ya ce masa ba wani sirri, matsowa kusa yake yi ya saita da kyau.

Rukunin, wanda aka sa wa suna Jasta 2, ya fara a Bertincourt a ƙarshen Agusta, fili ba jirage. Boelcke bai jira ba. Ranar 2 ga Satumba ya fita shi kaɗai ya kayar da jirginsa na 20, matuƙin, Kyaftin Robert Wilson, ya tsira da rai, washegari Boelcke ya gayyato shi cin abinci ya zagaya da shi filin. Sauran lokacin a koyarwa ya ƙare. Yana sa yaransa su zagaye jiragen Ingila da aka kama su gane inda bindigarsu ba ta kaiwa. Su kwance bindiga su ɗaura, su yi ta harbin gwaji a ƙasa, su koyi tashi a jere kowa ya san gurbinsa. Kafin a tashi ya tara su ya faɗi abin da za a yi, in an sauko ya sake tara su ya bi kowa da abin da ya yi daidai da inda ya kuskure. Ranar 16 ga Satumba sababbin jiragen Albatros suka iso, masu bindiga biyu da inji mai ƙarfin doki 160. Washegari ya jagoranci yaransa fita ta farko a ƙungiya, suka auka wa jiragen Ingila kusa da Cambrai. A ranar Richthofen ya yi nasararsa ta farko.

Makonni 8 na Satumba da Oktoba su ne ƙololuwar rayuwarsa, su ne kuma suka cinye shi. Daga 2 ga Satumba zuwa 26 ga Oktoba ya tashi daga jirage 20 zuwa 40, adadin da ba wani matuƙi a duniya da ya kai a lokacin. Rinjayen da Ingilishi suke da shi a saman Somme ya fara zubewa. Amma yana fita sau da yawa a rana, ga aikin ofis, ga rubuta wa iyayen yaransa da aka kashe takardar ta'aziyya, ga damina da sanyin arewacin Faransa suna tayar masa da asma. Waɗanda suka gan shi a lokacin sun ce ya rame, fuskarsa ta faɗa. An ba shi shawarar hutu, ya ƙi.

Ranar 28 ga Oktoba, 1916, gari ya tashi da hadari da iska. Ya riga ya fita sau da dama a ranar, da la'asar aka bugo waya daga bakin daga ana neman agaji. Ya tashi da jirage 6, cikin gaggawa bai ɗaure ɗamarar kujerarsa da kyau ba, hular kwano kuwa dama ba ya sawa. Suka ci karo da jirage 2 na rukuni na 24 na Ingila. Boelcke da Böhme suka bi ɗaya, kowannensu idonsa na kan abin farauta, fiffike ya tsare wa kowa ganin ɗan'uwansa. Sai ɗaya jirgin Ingilan, wanda Richthofen ya koro, ya gitta ta gabansu. Duka biyu suka goce a lokaci ɗaya. Tayar jirgin Böhme ta shafi fiffiken sama na jirgin Boelcke. Shafa ce kawai, amma ta yage yadin. Aka ga yana saukowa a hankali yana zagaye, yana ƙoƙarin riƙe jirgin, har ya shiga gajimare inda iska ta fi ƙarfi, fiffiken ya ƙarasa ɓallewa. Ya faɗi kusa da Bapaume, a ɓangaren Jamusawa. Faɗuwar ba ta yi munin da za a ce ba mai tsira ba, amma kansa ya bugu, nan take ya cika.

Mutum biyu a kan jirgi ɗaya: abin da ƙa'idarsa ta takwas ta hana ke nan. Ba na ganin wannan a matsayin abin zargi gare shi ko ga Böhme. Gajiya ce da gaggawa, su ne ke cin gwani a kowace sana'a. Böhme ya sauka da karyayyar taya, jirginsa ya kife, ya fito ba rauni, hukuma ta wanke shi daga laifi, amma wasiƙunsa sun nuna bai wanke kansa ba.

Aka yi masa addu'a a babban cocin Cambrai ranar 31 ga Oktoba, Richthofen na gaba ɗauke da lambobinsa a kan matashi. Aka kai gawar Dessau ta jirgin ƙasa aka binne ranar 2 ga Nuwamba. Matuƙan Ingila suka ƙetaro layi suka jefo furanni da takardar girmamawa ga abokin gabar da suka yaba wa jarumta da mutunci. Sarki ya ba da umarni a riƙa kiran rukunin Jasta Boelcke.

Abin da ya shuka ya yi tsiro da sauri. Jamus ta kafa rukunoni irin nasa da dama, da yawa kuma ɗalibansa ne suka shugabance su. A Afrilun 1917 kaɗai Ingilishi suka yi asarar jirage 245 a fagen Faransa. Su ma suka koyi darasin, suka tsara nasu rukunonin, suka fito da jirage mafi kyau, rinjaye ya sake komawa wajensu. Böhme ya zama shugaban Jasta Boelcke a Agustan 1917, ya kai jirage 24, aka harbo shi a Beljiyam ranar 29 ga Nuwamba, kwanaki kaɗan bayan an ba shi Pour le Mérite. Ingilishi ne suka binne shi. Richthofen ya ninka adadin malaminsa, ya kai 80, aka kashe shi ranar 21 ga Afrilu, 1918, yana tafiya ƙasa-ƙasa cikin yankin abokan gaba a bayan wani jirgi, ya yi nisa da hanyar komawa. Shi ma shekararsa 25.

Sunan Boelcke ya ci gaba da yawo a hannun waɗanda bai sani ba. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta haramta wa Jamus sojan sama. Da Hitila ya fito da rundunar a fili a 1935, aka laƙaba sunan a rukunin jiragen jefa bam da barikoki da tituna. Ɗaya daga cikin barikokin, a garin Nordhausen, 'yan Nazi suka mai da shi wurin zubar da fursunonin da aikin bauta ya gama da su, kuma da sojojin Amurka suka shiga a Afrilun 1945 sun tarar da gawarwaki fiye da 1,000. Mutumin da ya mutu tun 1916 ba shi da hannu a wannan, amma da sunansa aka yi. Jamus ta Yamma ta sake kafa sojan sama a 1956, a 1961 ta ba rukuninta na 31 da ke Nörvenich sunansa. Rukunin na nan har yau, yana tashi da jiragen Eurofighter.